Fiffiken Hagu

Gidan tarihi ne suka ba ni aikin. Hoto guda suka haɗa ni da shi, tsoho, baƙi da fari. Jirgin yaƙi ne mai ɗaukar mutum ɗaya, ya sauka da cikinsa a gonar wani, a wani yaƙi da aka gama tun kafin a haifi mahaifina. Tayoyinsa ba su fito ba. Ya ja ƙasa ya bar dogon rami a bayansa. Hancinsa ya lotse, farfelarsa mai ganye uku ta lanƙwashe baya, fiffiken dama ya yage. Na hagu kuwa ko ƙwarzane babu.

Abin da suke so shi ne in mayar da hoton abin da za a zagaya a kalla ta kowane gefe: jirgin, gonar, ramin, har da shingen da ya ture, duka a kan katako mai faɗin ƙaramin tebur, a cikin akwatin gilashi. Sana'ata ke nan. Yawanci ƙananan gine-gine nake ƙera wa masu zanen gidaje. Wannan ne karo na farko da aka ce in ƙera abu sannan in lalata shi.

A falon gidanmu na kafa teburin aiki, kusa da taga, don nan ne ke da haske. Nan kuma kujerar Baba take.

Baba fanalbita ne, wato mai gyaran jikin mota. Duk rayuwarsa miƙar da abin da wasu suka lotsa yake yi. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi a gareji, da guduma a hannu. Magana ta dawo, ƙafa ta dawo rabi da rabi. Hannun dama ne ya rage. A cinya yake ajiye shi, ya rufe da ɗan tawul, kamar abincin da ba a so ƙuda ya taɓa.

Likitar gashin ƙashi tana zuwa gida duba shi. Mace ce mai saurin magana, ba ta san kwana-kwana ba.

"Hannun nan bai mutu ba, Baba, kai ne ka sallama shi. In ba ka motsa shi a watannin nan ba, yatsun za su naɗe su ƙage. In sun ƙage kuwa, ni da kai sai gaisuwa."

Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa.

"Ki kai wa jikoki," in ji shi.

"Ban ga jika a gidan nan ba."

"To ki ajiye har a samu." Ya kalle ni. Na ci gaba da abin da nake yi.

Da roba na ƙera jikin jirgin, amma roba ba ta lotsewa kamar ƙarfe, ko dai ta narke ko ta karye. Saboda haka duk inda ake so ƙarfe ya nuna, na cire robar na sa gwangwanin lemo. Na yanka shi, na goge fentinsa da samfefa, na lanƙwasa shi a kan katakon da na sassaƙa. Hanci, farfela, fukafukai. Kan ƙusoshin jikin jirgi da tsinin allura na ɗiga su, layi-layi. Ƙasar gonar filasta ce da tankaɗaɗɗen yashi. Ramin da jirgin ya ja, da mariƙin cokali na ja shi tun filastar tana ɗanya. Shukar da ya kwantar kuma igiya ce na warware.

"Rariyata," in ji Umma. "Cokalina. Burushin haƙorin wa kika ɗauka kuma?"

"Tsoho ne."

"Yanzu kam ai ya tsufa. An tura ki ƙasar nesa karatu, kin dawo kina wasan ƙasa a falo."

Baba bai taɓa cewa uffan kan aikin ba. Sai dai ranar da na lotsa hancin, da na sa babban yatsa na danna, na ji ya ja iska ta haƙora kamar wanda aka taka wa ƙafa. Da na juya, taga yake kallo.

Da safe nake fita ofis, sai da rana nake dawowa. Wata rana na dawo na tarar da ganye ɗaya na farfelar a miƙe.

Umma na fara tuhuma.

"Ni? Ni da kika hana ko tsintsiya ta gifta wajen? Je ki tambayi iska."

Baba yana barci, ko kuma yana yin kamar yana yi.

Na sake lanƙwasa ganyen. Bayan 'yan kwanaki sai hancin jirgin ya cike, kamar ban taɓa danna shi ba. Na cire shi na duba cikinsa da gilashin ƙara girma. Ƙananan tabo ne a zagaye, sun faro daga bakin ramin suna shiga tsakiya. Na san wannan aikin. Ina ƙarama na sha zama a kan tsohuwar taya a gareji ina kallo: ba a dukan tsakiya, daga baki ake bi a hankali har ƙarfen ya koma da kansa. Aikin bai fita tsaf ba. Wasu bugun sun kauce, ɗaya ma ya kusa hudawa. Amma ba a yin sa da hannu ɗaya. Dole wani hannun ya tokare, wani ya buga.

Na sami Umma a kicin.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

Na nuna mata hancin. Ta rage wuta, ta leƙa ƙofa, sannan ta yi ƙasa da murya.

"Da kin fita sai ya aike ni sayen batirin rediyo. Batir ya cika durowa. Jiya na yi kamar na tafi, na dawo ta baya. Wata ƙusa ce ya goge kanta a siminti, sai bayan ƙaramin cokali. Hagu ke bugu, dama ke tokarewa. Cokalin ya faɗi, ya ɗauka, ya faɗi, ya ɗauka. Yana ta zagin hannun kamar yaron gareji."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ki yi me? Ki tafa masa? Mutumin nan da ya san an gan shi, an gama ke nan. Ki ƙyale shi ya ci gaba da ɓata miki."

"Ai gyarawa yake yi."

"Ke kika sani. Ni a gidan nan na daina gane wanne ne gyara, wanne ne ɓarna."

Ƙyale shi ba abu ne mai sauƙi ba. Gwangwani yana gajiya. In aka lanƙwasa shi aka miƙe, aka sake, sai ya tsage. Kuma gidan tarihi sun riga sun sa ranar buɗe ɗakin.

Sai na yi abin da na ɗauka dabara ce. Na yanko gwangwani na yi masa siffar ƙofar mota, na lotsa ta da kyau, na ajiye a bakin tebur ta wajen kujerarsa. Jirgin kuma na tura shi can jikin bango. Da na dawo, ƙofar tana nan yadda na bar ta. Jirgin ne aka jawo, aka miƙe wani ganyen.

Muna cin abinci ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Wani ya bar shara a tebur."

"Ƙofar mota ce," na ce.

"Wace mota? Ina motar? Wa zai shiga?"

Umma ta ƙware da ruwa.

Jirgin ma ba mai shigarsa. Amma shi aiki ne, akwai mai jiran sa. Ƙofar kuwa ƙwallon likita ce aka sauya wa kama, kuma da kallo ɗaya ya gane ta.

Kafin in san abin yi, jami'in gidan tarihin ya zo duba aiki. Dogon mutum ne mai tabarau, mai yawan fara'a. Ya gaishe da Baba, Baba ya amsa da ka ya lumshe ido. Jami'in ya ɗaga hoton kusa da jirgin, ya kalli wannan, ya kalli wancan.

"Malama, gonar ta yi. Shingen ma ya yi. Amma jirgin nan ai kamar fakin aka yi da shi aka shiga gari. Ina raunin?"

"Ana kan aiki."

"Wancan zuwan da na yi ya fi haka lalacewa. Baya kike komawa?" Ya yi dariya. "Ko akwai yara a gidan? A riƙa rufe shi. Yaro in ya ga abin wasa ba ya haƙuri sai ya taɓa."

Ya ce ranar Litinin ta sama mota za ta zo ɗauka, ya yi sallama ya tafi. Idon Baba a rufe yake har yanzu, amma hannunsa na hagu ya damƙe bakin tawul ɗin.

Daga ranar ba a sake taɓa mini komai ba.

Na ƙera sabon hanci da sabuwar farfela, na lalata su yadda hoto ya nuna, suka kwana a lalace, suka wayi gari a lalace. Na fesa laka a cikin jirgin da burushin haƙori. Na ja baƙin hayaƙi a gefen injin, na zubo bakin mai ta ƙarƙashin hanci ya jiƙa ƙasa. Na bar murfin wurin matuƙi a buɗe, don haka yake a hoto. Aiki ya tafi daidai, ba abin da ke tsayar da ni. Umma ma ta huta da aike.

Likita ta zo, ta buɗe yatsun Baba ɗaya bayan ɗaya. Ta ɓata fuska.

"Wancan makon sun fi haka laushi. Me kake yi da ka daina?"

"Ba abin da nake yi."

"To ka koma yin ba abin da kake yin nan. Yana yi maka magani."

Bayan ta tafi na zauna ina kallon hoton. Abin da gidan tarihi ke so shi ne ɗan lokacin nan bayan faɗuwa, ƙura ta lafa, ba wanda ya iso tukuna. A kama shi, a rufe a gilashi, ya zauna haka har abada. Ni ma haka na ɗauke shi, ƙarshen labari. A wurin Baba kuwa daidai nan ne ake jawo abu a shigo da shi gareji, a zagaya shi, a ce a kawo guduma. Na dasa masa wannan a gaban kujera, yana kallo daga safe har yamma, na kuma sa ran zai riƙe hannunsa. Yanzu ya riƙe.

Ranar Asabar da yamma fiffiken hagu kaɗai ya rage a manna. Shi ne lafiyayyen, shi kuma ya fi cin lokaci, don abu mai lafiya ba ya ɓoye kuskure. Kusan mako na yi ina ɗiga masa allura. Ƙasansa a buɗe na bar shi, tunda kan gona zai kwanta.

Na ɗauko tsohon hancin daga durowa na miƙa wa Baba.

"Baba, wa ya yi wannan?"

Ya karɓa da hagu. Bai kalle shi ba. Ya rufe ido ya bi shi da babban yatsa, yadda yake yi wa ƙofar mota kafin a fesa fenti.

"Ko wane ne, a sallame shi. Ji nan. Tudu, kwari, tudu. Da yarona ne ya kawo mini wannan, da sai ya sake shi daga farko."

"Ni ban ga laifinsa ba."

"Ke ai lalatawa kika iya."

"Zai iya sake gwadawa."

"Ya yi ritaya." Ya miƙo mini. "Ki rufe kayanki, Auta. Akwai yara a gidan."

Na ajiye hancin. Na ɗauko fiffiken hagu na ɗora masa a tafin hannu.

"Wannan fa?"

Ya shafa shi daga tushe har ƙarshe, ya juya shi wajen haske, ya kanne ido ɗaya ya bi tsawonsa.

"Wannan ya yi," ya ce.

Na karɓa. Na ɗora babban yatsa a tsakiyarsa na danna. Ya yi ƙara kaɗan, ƙwas.

"Ke! Kina da hankali kuwa?"

Umma ta fito da gudu, hannunta duk kumfa.

"A hoto lafiyarsa lau," na ce. "Ba ni da wani, ba kuma lokacin yin wani. Jibi mota za ta zo. Ni ban iya miƙarwa ba, kai ma ka faɗa."

"Da gangan kika yi. Ina kallon ki."

"Da gangan na yi. Amma ya lotse ko bai lotse ba?"

"Masu kawo mini mota tsautsayi ke kawo su."

"Kai Maigida, ji tsoron Allah," in ji Umma. "Har wanda matarsa ta bi motarsa da sanda ka gyara wa, ba ka tambayi dalili ba."

"Ke kuma wa ya sa da ke?"

Na kalli abin da na yi. Ya fi yadda na nufa zurfi, ya kuma ratsa layin allurar. Ba ƙarya na yi masa ba, ba ni da wani. In ya ƙi, ranar Litinin jirgi mai fiffike ɗaya zan miƙa, ko wanda ya saɓa wa hoto.

Baba ya daɗe yana kallon ramin. Ni bai kalle ni ba.

"Jawo teburin nan," ya ce. "Ku fita."

"Ni ba inda za ni," in ji Umma. "Falona ne." Ta goge hannu a zani ta zauna a hannun kujera.

Ya harare ta. Ya gwada tsayar da fiffiken a gefensa, ya kife. Ya jingina shi da kwalbar gam, ya zame. Hanci ɗan dunƙule ne, yana zama inda aka ajiye shi. Wannan kuwa dogo ne, ba nauyi, sai an riƙe.

"Auta. Riƙe nan. Ba haka ba, a tsaye. Duk karatun nan ba a koya miki riƙe abu ba?"

Na riƙe. Ya laluba gefen kushin ya zaro ƙusar da cokalin. Sannan ya yaye tawul ɗin. Hannun ya rame, fatar ta yi haske, yatsun sun ɗan tanƙware. Ya ɗago shi da na hagu ya ɗora a tebur, ya cusa cokalin tsakanin yatsu, ya tura bayansa ya jingina da fiffiken ta waje. Cokalin ya zame ya faɗi ƙasa.

Ba wanda ya motsa.

"Ɗauko mana. Kin tsaya kina kallona."

Umma ce ta ɗauko. Ya sake cusa shi. Ya sa ƙusar ta ciki ya buga. Bugun ya kauce, ya tada ɗan ƙurji a gefen ramin, inda lafiya lau yake a da.

"Kin motsa."

"Ban motsa ba."

"Kin motsa."

"To, na motsa."

Ya sake. Wannan karon ya faɗa inda ya nufa. Ina jin kowane bugu a yatsuna, ina kuma jin rawar hannunsa ta cikin gwangwanin. Yana bi ta baki, yana matsar da cokalin kaɗan-kaɗan, wani lokaci da yatsu, wani lokaci sai ya ture shi da dukan hannun. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Yana magana ƙasa-ƙasa, ba da mu ba. "Tsaya nan. Tsaya, malalaci. Wa ya ce ka saki?" Cokalin ya sake faɗuwa. Aka ɗauko. Ya faɗi kuma. Umma ta bar hannun kujera ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, don ta daina sunkuyawa.

Sannu a hankali bakin ramin ya fara tasowa. Kafaɗata ta ƙage, amma ban saki ba.

Hasken taga ya fara barin teburin lokacin da ya ajiye ƙusar. Hannun daman yana karkarwa sosai, yatsun sun saki cokalin da kansu. Ramin ya ragu da kusan rabi. Ƙurjin yana nan. Ya shafa wurin da yatsa.

"Bai yi ba."

"Akwai gobe."

"Gobe ba za ta isa ba. Hannun nan ba ya wuce abin da ya yi yau. Sannan sai an goge, a sake ɗige-ɗigen nan naki, a yi fenti, ya bushe. Kira mutumin ki ce ya ƙara kwana."

"Baba, sun sa ranar buɗewa."

"Duk wanda ya taɓa kawo mini mota yana da tafiya gobe. Kira shi."

Na kalli Umma. Ta ɗaga kafaɗa. Na ɗauki waya na kira.

"Malama!" in ji jami'in. "Lafiya dai? Litinin ɗin tana nan ko?"

"Litinin ba za ta yiwu ba."

"Subhanallahi. Me ya sami jirgin?"

"Yana wajen gyara."



"Gyara? Jirgin da aka ce ki lalata?"

"Ce masa Alhamis," in ji Baba daga bayana. "In ya matsa, Juma'a."